Baƙon da ya zauna a ƙauye, da ma'aikacin da bai kwance kayansa ba

Daga 1962 zuwa watan Janairu na 2011, samari da ƴan mata fiye da 3,000 na ƙungiyar sa kai ta Amurka, wadda aka fi sani da Corps de la Paix, sun yi aiki a Nijar. Jihar Damagaram ta samu rabonta, har da ƙauyukan Magariya da na Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. An kwashe su ne bayan sace Faransawa 2 a birnin Yamai. Sun tafi, amma yadda suke fara zama a cikin talakawa abin dubawa ne ga duk wanda gwamnati ta tura aiki karkara.

Ɗan sa kai ba ya isa ƙauye kai tsaye. Sai ya share makonni a Hamdallaye, kusa da Yamai, a gidan masu masauki, yana koyon Hausa ko Zabarmanci da ladabin zama da mutane. Sannan a kai shi gaban maigari, a ba shi ɗakin ƙasa da danga, a raɗa masa suna irin na gari. Ba lantarki, ba famfo. Ruwa a rijiya, barci a tsakar gida lokacin bazara. A watannin farko ba a neman ya gina komai. Aikinsa shi ne gaisuwa, zuwa suna da ta'aziyya, zaman kasuwa da saurare, har ya san wane ne ake jin maganarsa a gari. Wa'adinsa shekara 2 ne.

Wannan ba ɓata lokaci ba ne, domin baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wanda ya zo ƙasar Magariya da niyyar koya wa manoma dashen itace, zai tarar sun riga shi. Bayan farin 1984, manoman Magariya, Matamaye da Mirya suka ƙara himmar raya gawon da ke tsirowa da kansa a gonakinsu, itacen da ke zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana, ya ciyar da bisashe da rani. Wanda bai zauna ya ga damina ta zagayo ba, ba zai gane wannan hikima ba.

Ƴan kasuwa sun daɗe da sanin haka. Falken da ya ƙetara iyaka ta Tinkim zuwa Kano ba ya buɗe haja sai ya sami mai masauki, domin da ɗan gari akan ci gari.

To, ina ma'aikacin gwamnati ɗan ƙasa? Sau da yawa takardar tura shi Wacha, Gushi ko Malawa daidai take da hukunci a idonsa. Iyali na Damagaram, zuciya na Yamai, shi kuwa yana neman wani babba da zai maido shi birni. Ya iso Talata, ya koma Alhamis. Wanda ke biyan wannan bashi shi ne yaron da ya tarar da aji ba malami, da matar da ta yi tafiya a amalanke ta tarar da likita a rufe.

Sai dai adalci ya wajaba. Baƙon nan ya zo ne da son ransa, kuɗin guzurinsa ba ya makara, akwai likita mai kula da shi, kuma da hankali ya tashi, cikin ƴan kwanaki aka fitar da shi. Malamin kwantaragi ko matashin da ke hidimar ƙasa bayan jami'a ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya ci bashin hatsi yana jiran albashi, wa'azin kishin ƙasa kaɗai ba zai zaunar da shi ba.

Saboda haka nauyin ya rataya a wuyan kowa. Gwamnati ta biya haƙƙi a kan kari, ta ƙara alawus ga masu aiki nesa da birni, ta ƙayyade wa'adin da kowa zai yi ba tare da alfarma ba. Ƙananan hukumomi da sarakuna su tanadi muhalli kafin ma'aikaci ya iso, su gabatar da shi ga jama'a kamar yadda aka yi wa baƙin waje. Shi kuma ma'aikaci ya kwance kayansa, ya koyi gaisuwar mutanen da ke biyan harajin da yake ci. Ƙauyen da ya iya riƙon Ba'amurke shekara 2 ba zai kasa riƙon ɗan ƙasa ba.