Gwajin Jini Kafin Aure: Abin da Ba a Gaya wa Masu AS Game da Ƙoda

Tun da aka sanya hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano a 2024, mutane da yawa suka san rukunin jininsu na sikila. Idan sakamakonka ya nuna AS, mai yiwuwa an ce maka ba ka da wata matsala, ka dai guji auren mai AS. Gaskiya ne, amma da sauran bayani.

Akwai wata sankarar ƙoda da ba kasafai ake ganinta ba, wadda likitoci ke kira RMC a taƙaice. An fara bayyana ta a 1995, kuma kusan duk masu kamuwa da ita matasa ne masu ɗauke da ƙwayar sikila. Tsakiyar ƙoda wuri ne mai ƙarancin iskar oksijin, don haka ƙwayoyin jini kan lanƙwashe a can ko da mutum AS ne. Ta fi kama ƙodar dama. Kada hankalinka ya tashi: mafi yawan masu AS ba za su taɓa kamuwa da ita ba.

Matsalar ita ce jinkiri. Alamarta ta farko sau da yawa jini ne a fitsari, mu kuma a nan da an ga haka sai a ce tsargiya ce, a sayi magani a kemis. Kafin a je asibiti ta kai huhu, hanta ko ƙashi.

Ƙoda na karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa, shi ya sa sankararta kan iya bin jini ta ɓulla inda ba a zata ba: ƙurji mai zubar da jini a fatar kai, ƙullutu a wuya mai kama da maƙoƙo, ko haɓon da ya ƙi tsayawa. Wasu nau'o'in kan dawo ko bayan shekara 10 da cire ƙodar.

Saboda haka, idan ka ga jini a fitsari, ko ciwon kwiɓi da rama ba dalili, je asibiti ka gaya wa likita kai AS ne, ka nemi a yi maka hoton ƙoda. Idan kuma an taɓa cire maka ƙoda saboda sankara, duk wani sabon ƙullutu, ko'ina yake a jikinka, ka kai shi a duba, kuma ka ambaci aikin da aka yi maka.