Gishiri a Ruwa: Lissafin da Ya Wuce Zauren Jarrabawa

Akwai wata tambaya da ke kayar da ɗaliban kimiyyar sinadarai, tun daga masu shirin WAEC da NECO har 'yan ajin farko da nake koyarwa a jami'a. Za a ce an narkar da gishiri giram kaza a ruwa lita kaza, sai a nemi yawan kowane ayon da ke cikinsa. Ɗalibai da dama suna ɗaukar ta dabarar samun maki kawai, alhali rai ma yana rataye a kanta.

Tun a 1887 masanin ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana cewa idan gishiri ya narke a ruwa yakan rarrabu zuwa ƙwayoyi masu caji, waɗanda ake kira ayon. Idan ruwan tsarara ne, mukan ɗauka rarrabuwar ta cika. Daga nan matakai uku ne: a raba nauyin gishirin da nauyin mol guda nasa, a ƙirga ayon nawa kowace ƙwaya ke saki, sannan a raba da yawan ruwan a ma'aunin lita.

Mu gwada da abin da kowace uwa a Batsari ta sani, wato fakitin ruwan gishiri da sukari da ake bayarwa a asibiti. A haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi, lita guda tana ɗaukar gishirin miya giram 2.6, da fotashiyam kulorayid giram 1.5, da sodiyam sitiret giram 2.9, da gulukos giram 13.5.

Nauyin mol guda na gishirin miya giram 58.5 ne. Raba 2.6 da 58.5, za ka sami kimanin milimol 44: sodiyam 44, kulorayid 44. Fotashiyam kulorayid, mai nauyin 74.5, yana ba da milimol 20 na fotashiyam da 20 na kulorayid. A sitiret ne ake tuntuɓe. Nauyinsa 294, don haka milimol 10 ne, amma kowace ƙwayarsa sodiyam uku take saki, ka ga 30 ke nan. Idan aka tara, sodiyam ya kai kimanin 75, kulorayid kimanin 65. Mai son ya tabbatar da amsarsa sai ya auna caji: sodiyam da fotashiyam sun ba da 95, kulorayid 65 da sitiret 10 sau uku su ma 95. Gefen biyu sun daidaita.

Mataki na uku shi ne wanda ke fita daga aji ya shiga gida. Ledar fiya-wata rabin lita ce. Idan aka juye fakitin lita guda a leda ɗaya, kome ya ninka, sodiyam ya koma 150, alhali na jinin mai lafiya yana tsakanin 135 da 145. Sukarin ma ya ninka, sai haɗin ya riƙa janyo ruwa zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Yaron da ake son a mayar wa jikinsa ruwa, sai a ƙara masa ƙishirwa. Idan kuma ruwan ya zarce ƙima, amfanin maganin ya ragu.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a Batsari da Safana, inda rashin tsaro ya raba mutane da ƙauyukansu, ga cunkoso, ga damina da kan zo da amai da gudawa. A irin wannan hali ne, a 1971, likita Dilip Mahalanabis ya ceci 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladesh da wannan ruwan, lokacin da ƙarin ruwa ta jijiya ya yi ƙaranci.

Shawarata ga malaman sakandaren yankin, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ta Umaru Musa 'Yar'adua, ita ce su shiga aji da fakitin nan, a karanta yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, a yi lissafin a kan allo. Hausawa sun ce ilimi gishirin zaman duniya. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi zai ci jarrabawa, kuma ranar da ƙanensa ya kwanta, shi zai ce a kawo leda ta biyu.