Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Wannan makon da kanmu za mu fara.

Duk lokacin da aka ce mu mallaki rumbun ajiyar rubuce-rubucenmu a intanet, amsa ɗaya ake ji: "Ai akwai tsada, ga Facebook da WhatsApp kyauta." To, mu tuna abin da kyautar ta taɓa yi mana. A Disambar 2020 aka rufe Yahoo Groups, zaurukan muhawara na shekaru suka tafi. A Nuwambar 2023 OkadaBooks, inda marubutanmu da dama suka baje littattafansu, ta rufe ƙofa. Wanda bai ajiye kwafi ba, sai dai ya bi gidajen masu karatu yana roƙon abin da ya rubuta da hannunsa.

Yanzu mu yi lissafin tsadar da ake tsorata mu da ita. Sunan shafi mai ƙarewa da .com bai cika wuce dala 10 zuwa 15 a shekara ba. Hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ba ta barci wadda ke riƙe da shafin, tana kamawa daga dala 5 zuwa 6 a wata. Manhajar WordPress kyauta ce, takardar tsaro ta Let's Encrypt ma haka. Jimilla ba ta kai dala 100 a shekara ba. Idan mu hamsin ne, kowa dala biyu. Kuma rubutu ba bidiyo ba ne: labari mai kalmomi 100,000 bai cika megabait ɗaya ba. Littattafan zauren nan kaf ba za su cika ko lungu na sabar ba.

Ba mu musa cewa dala ta yi fiffike. Kafin Yunin 2023 tana wajen Naira 460 a hukumance, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Shi ya sa masu lura ke duba kamfanonin gida da ke karɓar Naira, su yi rajistar .com.ng. Sai dai a kula da rangwamen shekarar farko, domin kuɗin sabuntawa ne ainihin farashi. Masu cewa mu sayi kwamfuta mu kunna a ofishin ƙungiya kuma, su fara gaya mana wa zai sayi man janareta dare da rana.

Tsadar gaskiya ba a aljihu take ba, a riƙon amana take. Wa zai tuna ranar biya kafin sunan ya suɓuce wani ya saye? Wa zai sabunta manhaja kafin masu kutse su shigo? Wa zai riƙa kwafe komai duk mako ya adana a wani wuri? Mun iya haɗa kuɗin anko da hayar zauren ƙaddamar da littafi na yini guda, amma gidan da littafin zai kwana shekara goma ya gagare mu. Wannan ba talauci ba ne, sakaci ne.

Shawararmu: asusu ɗaya, rajista da sunan ƙungiya ba na mutum ɗaya ba, amintattu uku su riƙe makullan shiga, a karanta lissafi a kowane taron shekara. Facebook ya zama kasuwar talla, rumbu kuwa ya zama namu.

Mai ja da wannan lissafi ya kawo nasa. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.