Jadawalin tsere: ba a fafe gora ranar tafiya

Kowace gasa tana da abu biyu da ake tsayarwa tun ƴan wasa ba su fito ba, wato wuri da rana. Jama'a sukan kula da wurin su manta da ranar, alhali ranar ita ke nuna wanda aka shirya wasan dominsa. Takardar da ake jera ranakun wasanni na shekara guda a cikinta ita ake kira jadawali, waɗansu su ce kalanda. Wanda ya riƙe alƙalamin rubuta ta shi ke zaɓen wanda zai samu kallo, da wanda zai ci kasuwa, da wanda za a tayar daga bakin aikinsa. Maganar ta shafi manyan ƙasashe masu tseren motoci, ta kuma shafi manomin Dogo, a gundumar Mirya, wanda ya taɓa ganin ƙurar tsere ta ratsa jihar Damagaram ba tare da an tambaye shi ba.

Tseren motoci mafi suna a duniya shi ne Formula 1. Motarsa kujera ɗaya gare ta, ƙafafunta huɗu suna waje, babu abin da ya rufe su, tana kuma wuce kilomita 300 a awa. An fara gasar ta duniya a shekarar 1950. Hukumar FIA, wadda ke da mazauni a Paris, ita ke sa hannu a kan jadawalin kowace shekara. A 2024 da 2025 an yi tsere 24 a kowace shekara, daga watan Maris zuwa Disamba, ana kwasar motoci da injuna da ɗaruruwan ma'aikata a jiragen sama daga wannan nahiya zuwa waccan. Masu wannan gasa suna da kuɗi da ilimi, amma duk da haka sama da ƙasa sun sha koya musu karatu.

A watan Agusta na 2021, a Beljiyam, ruwan sama ya hana tsere. Motoci suka yi ƴan zagaye kaɗan a bayan motar da ke shiga gaba don rage gudu, aka tashi, aka raba rabin maki, ƴan kallo suka koma gida a jiƙe. A watan Mayu na 2023 ambaliya ta sa an soke tseren Imola a Italiya. A watan Oktoba na shekarar, a Katar, zafi ya galabaitar da direbobi har ɗaya ya ajiye mota kafin ƙarshe, waɗansu kuma sai da likita ya duba su. A shekarar da ta biyo baya an yi tseren Katar ranar 1 ga Disamba, bayan zafi ya sauka. Tseren Japan, wanda aka daɗe ana yi cikin Satumba ko Oktoba, lokacin guguwar teku, an maida shi watan Afrilu a 2024, ya zo kusa da na Ostareliya da na Sin, tafiya ta ragu.

Ibada ma ta shiga lissafi. A 2024 an yi tseren Baharain da na Saudiyya ranar Asabar maimakon Lahadi da aka saba, domin a gama kafin azumi ya kama. A 2025, da azumi ya cika watan Maris, Ostareliya ta buɗe gasar, ƙasashen biyu suka jira sai Afrilu. Ashe gasar da ta fi kowace tsada a duniya ma takan duba wata kafin ta sa rana.

Nahiyar Afirka kuwa ba ta cikin wannan jadawali. An yi tsere ɗaya na gasar a Kasablanka ta Maroko a 1958. Afirka ta Kudu ta karɓi bakuncinsa shekaru da dama, amma na ƙarshe shi ne na filin Kyalami a 1993. Tseren motoci masu aiki da lantarki, wanda ake kira Formula E, ya fara sauka Marrakesh a 2016, sai dai babbar gasar ba ta komo ba. Abin da Nijar ta sani na tseren motoci ta wata hanya ya zo mata, wato tseren Paris-Dakar, wanda ba a kan kwalta ake yi ba, a cikin rairayi da duwatsu ake yinsa, da motoci da babura da manyan motocin kaya.

Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine shi ya kafa shi. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka bar Paris, suka ratsa Aljeriya da Nijar da Mali da Haute-Volta, wadda ita ce Burkina Faso a yau, 74 suka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Agadas ta zama babban zango. A 1983 aka ratsa hamadar Tenere karo na farko, guguwar rairayi ta taso, ƴan tsere kamar 40 suka ɓata, sai da aka kwana ana nemansu. A 1986 ayarin ya biyo ta Damagaram kan hanyarsa ta zuwa Yamai, kuma kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 14 ga Janairu, Sabine ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a ƙasar Mali. A shekarar 2000, saboda barazanar hari, aka kwashe ayarin duka a jiragen sama daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya, garuruwan da suka yi shirin tarbar baƙi suka tashi a banza. A 2008 aka soke tseren gaba ɗaya. Daga 2009 ya koma Amurka ta Kudu, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yinsa, ko da yake sunan Dakar bai canza ba.

Gaskiya ce tseren ya kawo alheri. Ƴan jagora da makanikai da masu sayar da mai da maƙeran azurfa na Agadas sun ci kasuwa, sunan Tenere kuma ya shiga kunnen duniya. Gaskiya ce kuma watan Janairu ya fi kowane wata dacewa da ratsa hamada, tun da babu ruwa kuma babu zafi. Amma ranar ta fi dacewa da hutun ƙarshen shekara na Turai da masu kallon talabijin a can, ba a kuma rubuta ta a Yamai ko Bamako ba. Janairu shi ne tsakiyar hunturu, hazo yakan rufe hanya, direba ba ya hango abin da ke gabansa. Shi ne kuma lokacin da amalanke ke cika hanya da kayan lambu, dabbobi na kai da komo tsakanin gonaki da rijiya. An yi asarar rayukan mutanen ƙauye a shekaru daban-daban. A 2006 kaɗai motocin ayarin sun kashe yara biyu, ɗaya a Gine, ɗaya a Senegal. Ƙasar da ta ba da hanya ba ta da murya a kan rana, ranar da baƙin suka ga dama kuma suka naɗe kayansu suka tafi.

Darasin bai tsaya ga motoci ba, kuma Nijar tana da misali nata na gida. Tun 1975, da aka yi karo na farko a Tawa, gasar kokowar gargajiya ta ƙasa take zagayawa daga jiha zuwa jiha, kowace ta san za ta karɓi baƙi in layi ya zo kanta. Ana yinta ne da ɗari, bayan hatsi ya shiga rumbu, lokacin da ƙarfin samari ya huta daga garma kuma aljihun ɗan kallo yake da nauyi. Ba a aro wannan tsari daga kowa ba. Daga al'adar kokowar kaka aka ɗauko shi, shi ya sa ya kama ƙasa.

Sukuwa ita ce tseren da Damagaram ta gada, tun zamanin da dawaki suke ƙarfin sarauta, har yau kuma hawan salla ba ya cika sai da su. Kusa da ita ga samari masu babura, waɗanda in ba a ba su fili da rana ba sukan maida titi da ranar biki filin tsere, sakamakon kuwa asibiti ya san shi. Abin da ya kamata shi ne jihar ta samu jadawali guda, rubutacce, wanda ya haɗa sukuwa da duk wani tsere na inji da hukuma za ta yarda da shi. Garin Dogo ya isa ma'auni. Yana kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, kusa da fadamun Korama, inda aiki ba ya ƙarewa da ɗaukewar ruwa: ana gama gero a shiga rake da lambu. Jadawalin da bai cuci manomin Dogo ba, da wuya ya cuci wani a jihar.

Sharaɗi na farko shi ne a bi sama. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, kowa yana gona, hanyoyi kuma sun jiƙe. Oktoba na girbi ne. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi yakan haura digiri 40, wanda ke kayar da doki da mahayinsa, ya dafa inji. Saura wata huɗu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A cikinsu ma sai a ajiye ranar ko-ta-kwana ga kowane tsere, domin in hazo ya rufe a ɗaga ba tare da gardama ba.

Na biyu, a bi wata. Shekarar Musulunci ta gaza ta nasara da kwana kamar 11, saboda haka azumi yana matsowa gaba kowace shekara. A 2025 ya kama a farkon Maris, a 2027 ana sa ransa a farkon Fabrairu, a 2030 kuma zai zo sau biyu, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Ma'ana, a shekaru masu zuwa azumi zai zauna a tsakiyar watannin wasa, ya ɗauke ɗaya cikin huɗun nan. Wanda bai lissafa wannan tun yanzu ba zai tarar da wasanni sun cushe a makonni kaɗan, sukuwa tana karo da kokowa, ƴan kallo sun rabu biyu.

Na uku, a bi hanya. A jera garuruwa yadda suke a ƙasa, daga Mirya zuwa Damagaram, a gangara Dogo da Magarya, a juyo ta Matamaye, maimakon a yi ta tsalle gabas da yamma. Doki yana bukatar hutu tsakanin tsere da tsere, mai shi kuma yana biyan kuɗin mota da harawa. Abin da ya sa masu Formula 1 suka kusanto da Japan ga Sin shi ne dai abin da zai sa a kusanto da Dogo ga Magarya. A kuma bar buɗewa da rufewa su riƙa zagayawa, kada gari ɗaya ya riƙe su har abada.

Na huɗu, a bi kasuwa da makaranta. Ranar kasuwa tana kawo ƴan kallo, amma ita ce ranar da hanya ta fi cika. Sukuwa a fili mai shinge tana iya dacewa da yammacin ranar kasuwa. Tseren inji kuwa bai kamata ya ratsa hanyar kasuwa, ko burtali, ko bakin rijiya, ko ƙofar makaranta ba. Kada a sa rana sai an tabbata akwai likita da motar ɗaukar majinyata da jandarmomi a wurin, an kuma yi shela a radiyo da bakin sanƙira, da Hausa da Barbarci da Fulatanci, kwanaki kafin ranar.

Na biyar, a rubuta da wuri, a kuma cika alkawari. Jadawalin ɗari ya kamata ya fito tun ana cikin damina, domin mai doki ya yi kiwo, mai abinci ta yi tanadi, mai masauki ya gyara ɗaki. Kuma a rubuta shi a zaune tare: ma'aikatan wasanni na jiha, da fadar Sarkin Damagaram, da hakimai da masu gari, da wakilan manoma da makiyaya da na mata masu sana'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ma'aikacin da ke ofis bai san ranar da rake ke fita daga fadama ba, amma mai garin ya sani.

In wata rana masu tseren ƙasashen waje suka sake neman hanya a Nijar, wannan takarda ita za a shimfiɗa musu a kan tebur. Za a ce musu ga watannin da ƙasa ta yarda, ga hanyoyin da ba a bi, ga abin da za a bar wa garuruwan da aka ratsa. Wanda ya ɗaga tserensa saboda zafin Katar da azumin Saudiyya ba shi da hujjar ƙin ɗaga shi saboda girbin Dogo. Amma ba za a iya faɗa wa baƙo haka ba sai an fara tsara na gida.

Saboda haka ana kira ga hukumomin jiha da na gundumomi, da sarakunan gargajiya, da ƙungiyoyin masu dawaki da na samari, su zauna tun kafin hatsi ya shiga rumbu. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci kuma ga aikinsu: su karanta wa jama'ar garinsu jadawalin in ya fito, su rubuta ƙorafin da aka yi, su kai shi inda ya dace. Shirin zaune ya fi na tsaye. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kai kowa lokacin wasa lafiya.