Zakara daga gida yake farawa

A duk tarihin Nijar, lambobi biyu kacal muka taɓa ɗaukowa a gasar Olamfik. Ta farko Issaka Dabore ne ya ciwo mana tagulla a damben zamani a birnin Munik na Jamus a 1972. Daga nan sai da muka yi shekara 44 muna jira kafin Abdul Razak Issufu Alfaga ya kawo azurfa a wasan taekwondo daga Riyo ta Burazil a 2016. Shekara ɗaya bayan haka ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu.

To jama'a, abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, saura ƙiris Alfaga bai shiga wannan wasa ba. Mahaifinsa ya hana shi, domin wani ɗan'uwansu ya rasu sakamakon raunin da ya ji a wasan. Sai da yaron ya je zama wajen dangi a Togo sannan ya koma fili a ɓoye. Ni ban ga laifin uban ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma yara nawa ne a Bukoki, Talaje da Harobanda aka hana, kuma ba su da wata Togo da za su je?

A shirinmu na rediyo iyaye sukan kira su ce wasa shiririta ce, yaro ya kama karatu ko ya tafi kasuwa. Tsoronsu biyu ne: rauni da watsar da lakwal. Duka biyun kuwa maganinsu mai horaswa na gari ne, wanda ya san iyakar ƙarfin ɗan shekara 10, wanda zai taka har gida ya gaida uba, ya duba takardar sakamakon yaro kafin ya bar shi ya shiga fili. Irin waɗannan mutane suna nan a unguwanni, da yawansu ba albashi, su ne ma ke sayen ƙwallo da aljihunsu. Gwamnati da ƙungiyoyin wasanni kuwa sai an ci lamba ake ganinsu, da kyamara da jawabi.

Ku dubi wani wasa da ba mu saba da shi ba, besbol, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda, Amurka da Japan suka ɗauke shi tamkar yadda muka ɗauki kokawa. A 2017 Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga a babbar gasar Amurka, da ƙungiyar Pittsburgh Pirates. Mahaifiyarsa ma'aikaciya ce a gidan wata ƙungiyar besbol a Randburg, a ɗaki guda cikin gidan ta raine shi, filin wasa na bakin ƙofa, masu horaswa na ganinsa kullum.

Mu ma mun san wannan a kokawa. Ɗan kokawar da ke neman takobi ba shi kaɗai yake shiga fili ba, da uba da makaɗi da tsofaffin ƴan kokawa a bayansa. Abin da nake roƙon ma'aikatar wasanni shi ne ta horar da masu horaswa na unguwa, ta yanka musu ɗan alawus, ta buɗe musu filayen makarantu da yamma bayan an tashi.