A Yi Hattara Da Ajiyar Garin Ƙara Ƙarfi

Samarin da ke ɗaga ƙarfe da masu buga ƙwallo sun san wani farin gari da ake kira kiriyatin, wanda ake sha domin ƙara wa tsoka kuzari. Abin ba sabo ba ne. Wani masani ɗan Faransa mai suna Chevreul shi ya gano shi cikin nama a shekarar 1832, kuma ƙoda da hanta suna samar da kamar giram 1 nasa kowace rana. Ga baligi mai lafiya, giram 3 zuwa 5 a yini ya wadatar. Abin da ya haura haka, galibi fitsari ke tafiya da shi.

To, amma babbar magana ga ɗaliban Talata Mafara da Bakura da Maradun ita ce ajiya. Garin da ke rufe cikin gwangwaninsa, a busasshen wuri, yakan yi shekaru bai lalace ba. Da zarar ruwa ya taɓa shi kuwa, sai ya soma rikiɗa ya koma kiriyatinin, watau dattin da ƙoda ke fitarwa, kuma zafi da tsami suna gaggauta wannan. Ƙasar da zafin bazara kan wuce digiri 40, ga laimar damina, ba wurin sakaci ba ce. Wanda ya dama shi da lemo ya bari ya yi kwanaki ya yi asarar kuɗinsa. A dama a shanye nan take, a rufe sauran da kyau. In garin ya dunƙule, alama ce laima ta shiga.

Abin tsoro shi ne al'adar ƙulli. Yadda ake ƙulla sukari da madara cikin leda a kasuwar Talata, idan aka yi wa wannan gari haka, mai saye ba zai ga ranar ƙarewar aikinsa ba, balle lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin irin wannan tsaro. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka ya kamata duba-gari na ƙananan hukumomin nan uku su sa ido, malaman wasanni na Kwalejin Abdu Gusau kuma su faɗakar da ɗalibai. Mai ciwon ƙoda da mace mai ciki da yaro kada su sha sai da izinin likita. Wanda za a auna jininsa ya faɗa wa likita yana sha, domin yakan ɗaga awon kiriyatinin. Wanda kuwa ba shi da halin sayen na ƙwarai, nama da kifin Bakolori sun fi masa ƙullin da bai san asalinsa ba.