Lambun da Ba a Cin Ganyensa

Wanda ya fara kiran wasan golf da sunan ƙwallon lambu bai kyauta wa masu lambu ba. Lambun da muka sani a bakin kogin Shari yana ba mu latas da tumatir da kuɓewa. Wannan kuwa ciyawa ce zalla, a shayar da ita, a aske ta, don manya su bi 'yar farar ƙwallo da sanda.

Ban damu da abin da mutum zai yi da yammacinsa ba. Abin da ya ishe ni shi ne maganar da nake yawan ji daga bakin waɗanda nake gayyata shirina, musamman in sun dawo daga Dubai ko Maroko: wai masu zuba jari ba za su zo Njamena ba sai an gina musu babban otal mai filin ƙwallon lambu. Jama'a, yaushe muka zama masu mantuwa haka?

Tun da man Doba ya fara kwarara a 2003 ake rera mana waƙar mayar da Njamena madubin Afirka. Bayan harin 'yan tawaye na Fabrairun 2008 an rushe dubban gidaje da sunan gyaran gari. Aka zo aka ɗauki nauyin taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2015, aka kama gine-gine ba ji ba gani. Farashin mai ya faɗi, Chadi ta janye, taro ya koma Johannesburg, mu aka bar mu da kango. Kuma ba ɗakin kwana muka rasa ba. Ga Ledger Plaza, wanda a da ake kira Kempinski, ga Radisson Blu a Sabangali.

To mu yi lissafi. Fili mai ramuka 18 yana cin kadada 50 zuwa 60. Daminarmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. A Afrilu zafi yana haura digiri 40, lokacin da mata ke jiran ɗan garuwa kamar ana jiran ango. Ciyawar nan ba ta san azumi ba, kullum sai ta sha. Daga ina? Ko dai daga Shari, wanda shi da Logone ke kai wa Tafkin Chadi kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke shigarsa, tafkin da kowa ya san yadda ya tsuke tun daga shekarun 1960. Ko kuma a haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi, a zuƙe ruwan da unguwanni ke sha. Injin da zai ja ruwan kuma wuta yake so, a ƙasar da da ƙyar mutum ɗaya cikin takwas yake da lantarki.

Sai maganar fili, wadda ta fi ci mini rai. A Oktoban 2022 da kwalekwale ake shiga gidaje a Walia da Toukra, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci. A 2024 ambaliya ta kashe mutum sama da 500 a faɗin ƙasar. Talaka bai zauna a kwari don yana son kukan kwaɗi ba. Tudun ne ya fi ƙarfin aljihunsa. Yanzu kuma a yanki kadada 60 ta tudu a ba ciyawa?

Za a ce ai kuɗin 'yan kasuwa ne, ina ruwana. Sannu. Filin wa za a ba su? Wa zai ja musu kwalta da turakun wuta, wa zai yafe musu haraji? Za a ce aikin yi. Na ji, yaranmu za su ɗauki jakar sanduna a bayan Alhaji.

Ɗan kasuwar da ke shirin kafa masana'anta tambayarsa daban ce. Kwana nawa kayansa za su yi a hanyar Douala, mai nisan kilomita 1,800 da ɗoriya? Shinge nawa zai biya? Nawa zai kashe wa janareto? In an cuce shi, kotu za ta ƙwato masa haƙƙinsa? Mai yawon buɗe ido kuma giwayen Zakouma da duwatsun Ennedi ne suka taso shi daga ƙasar da ciyawa ta yi masa yawa.

In wasan ne dai ake so, mutanen Kano sun daɗe suna buga shi a kan yashin da aka daddaɓe da mai maimakon ciyawa, kuma ƙwallo tana faɗawa rami lafiya lau. Yashi kam Allah ya hore mana. Masu sha'awa su haɗa kuɗinsu, su sayi filinsu a bayan gari, su bar mana Shari.